Bitar Lichess da Maia: koyon ces daga tunanin na ƙasa, na tsakiya da gwanaye

Mafi yawan masu koyon ces a waya, daga Gusau har Birnin Kebbi, hanya ɗaya suke bi. Su buga wasa a cinye su, su kunna inji ya nuna musu takun da ya fi, su gyaɗa kai, su faɗa wani wasan. Watanni su shuɗe makinsu, wato lambar da ke auna ƙarfin ɗan wasa, na nan inda yake. Injin bai yi musu ƙarya ba. Stockfish, injin ces ɗin da ke cikin shafin Lichess, ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai takun da yake nunawa sau da yawa a kan dogon lissafi yake tsaye, irin wanda mai maki 1200 ba zai iya yi a gaban allo ba ko da an ba shi yini guda. Tambayar da ke amfanar mai koyo ta fi wannan kusa da ƙasa: me wanda ya ɗan fi ni yake gani a nan da ni ban gani ba? Da wannan tambaya kaɗai muka auna Lichess, tare da Maia, injin da aka horar ya riƙa yin taku irin na mutane.

Lichess shafin buga ces ne da wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010. Kyauta ne ɗungurungum, babu talla, babu ɓangaren da aka kulle sai an biya, da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya. Ga ɗalibi a Aliero ko malamin makaranta a Talata Mafara da ba shi da katin biyan dala, wannan kaɗai ya isa dalili, domin wasu shafukan suna ƙayyade yawan wasannin da za su bincika maka a rana idan ba ka biya ba. Sabon shiga yana farawa da maki 1500 da alamar tambaya a gefe, wato makin bai zauna ba tukuna, kuma kowane irin lokacin wasa da makinsa daban. Kada a haɗa wannan maki da na hukumar ces ta duniya, FIDE. Na Lichess ya kan fi yawa, musamman a matakan ƙasa. Duk lambar da aka ambata a nan ta Lichess ce sai inda aka faɗi akasin haka.

Wannan salon koyo ya girmi intanet. Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan wanda shi kansa gwanin ces ne, ya riƙa ajiye wa 'yan wasa yanayin allo ɗaya ya ce su yi tunani da baki, yana rubuta duk abin da suka furta. Cikin waɗanda suka zauna masa akwai Alekhine, Euwe da Keres, akwai kuma 'yan wasan kulob na yau da kullum. Ya fitar da sakamakon a 1946. Abin da kowa ya zata shi ne manyan gwanaye sun fi zurfafa lissafi da gwada taku masu yawa. De Groot ya tarar tazarar da ke tsakaninsu da masu ƙarfi na ƙasa da su a wannan fanni ba ta taka kara ta karya ba. Inda suka yi fintinkau shi ne 'yan daƙiƙun farko: takun kirki yana cikin abin da ya fara faɗo wa gwani a rai, shi kuwa na ƙasa sai ya ƙare lokacinsa yana lissafin takun da tun farko bai cancanci a dube shi ba. A 1973 William Chase da Herbert Simon a Amurka suka ƙara gwaji: a nuna allo na daƙiƙa 5, a rufe, a ce mutum ya sake jera 'ya'yan. Idan yanayin daga wasa na gaske ya fito, gwani yana yi wa sabon shiga nisa ƙwarai. Idan kuwa watsa 'ya'yan aka yi barkatai, fifikon nasa kusan ɓacewa yake yi. Ashe abin da babba ya hango, wanda yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, tarin siffofi ne da ido ya saba da su.

Kayan aikin farko da Lichess ya ba ka don ganin wannan bambanci shi ne rumbun buɗe wasa. Ka shiga allon bincike, ka danna alamar littafi. Rukuni uku ne a ciki: wasannin gwanaye masu makin FIDE 2200 zuwa sama da aka buga gaba da gaba tun daga 1952, wasannin da aka buga a Lichess kansa, da wasannin mutum ɗaya da ka saka sunansa. Na tsakiyar shi ne namu. A saitinsa kana zaɓar matakin maki, 1000, 1200, 1400, haka har 2200 da 2500, kana kuma zaɓar saurin wasa. Kashe alamar harsashi, domin wasannin ƙasa da minti 3 ne, hannu ke yin su kafin kai ya iso. Bar alamar zomo da ta kunkuru, wato wasannin da ke ba da lokacin tunani. Daga nan kowane taku da ka yi a allo, jadawali zai nuna maka amsoshin da mutanen wannan mataki suka bayar, sau nawa, da yadda wasannin suka ƙare.

Ga yanayin da ya fi kowanne nuna amfanin abin. Giwa a nan ita ce mai tafiya a karkace, hasumiya mai tafiya a miƙe, harafi da lamba kamar e4 kuwa sunan gida ne a allo. Fari ya tura soja e4, Baƙi e5. Doki f3, doki c6. Giwa c4, doki f6. Sai Fari ya yi tsalle da doki zuwa g5. Yanzu doki da giwa duka sun auna gidan f7, wanda sarkin Baƙi kaɗai ke gadi.

Saita rumbun a 1000. Za ka ga akwai masu tura soja h6 don su kori dokin. Tunanin a fili yake: doki ya shigo gonata, bari in kore shi. Ba su tambayi abin da ya kawo shi ba. Dokin ya ci f7, giwa na tsaronsa ta yadda sarki ba zai iya cinye shi ba, ya kama sarauniya da hasumiya a lokaci guda. Da ka ɗaga saitin sama kaɗan wannan amsa sai ta ja baya, soja d5 ya mamaye jadawalin, domin shi ke toshe hanyar giwa. Fari ya ci d5 da sojansa. Nan ne matakan suka rabu sosai. Na ƙasa da na tsakiya da yawa suna rama ci nan take da doki a d5, saboda ƙa'idar da ke kansu ita ce an ci mini, in rama. Sai Fari ya sadaukar da dokinsa a f7, sarki ya cinye shi, sarauniya ta zo f3 da cek, wato hari kai tsaye a kan sarki, ta kuma auna dokin d5. Don ya riƙe dokin dole sarkin Baƙi ya fito e6, tsakiyar fili, Fari ya ƙara doki c3, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ko da inji zai iya kare wannan yanayi, mutum mai maki 1300 da agogo na gudu ba kasafai yake tsira ba.

Ci gaba da ɗaga saitin, 1600, 1800, 2000, kana kallon layin rama ci yana raguwa, wani taku da ke kama da shirme yana hawa: doki a5, can gefen allo, an bar sojan d5 ba a rama ba. A rumbun gwanaye shi ne kan gaba. Hujjarsa ita ce duk barazanar f7 daga giwar c4 take fitowa, saboda haka ita za a tasa. Wasan ya kan ci gaba da giwa b5 cek, soja c6, a yi musayar sojoji a c6, giwa ta koma e2, sai h6 ya kori dokin zuwa f3, soja e4 ya sake korarsa zuwa e5, giwar Baƙi ta fito d6 ta sake taɓa shi. Baƙi yana bin bashin soja ɗaya, amma Fari ya ɓata taku da yawa yana yawo da 'ya'ya biyu. Lura cewa h6 ɗin da ya jawo asara ɗazu shi ne ya zama daidai yanzu. Takun bai canja ba, abin da aka fara kawarwa kafin a yi shi ne ya canja.

Cikin minti 10 mutum ya ga tunani iri uku a yanayi ɗaya: mai kallon abin da ya matso kusa da shi, mai bin ƙa'idar ramuwa, da mai neman tushen barazana yana kuma shirye ya biya soja don ya sayi lokaci. Inji irin Stockfish ba zai nuna maka wannan tsani ba, domin amsa ɗaya yake da ita ga kowa. A wannan fanni rumbun Lichess ya cancanci yabo ba tare da ragi ba.

Amma yana da ramuka, kuma masu koyo suna faɗawa. Na farko shi ne sandar nasara da ke gefen kowane taku, mai nuna kashi nawa Fari ya ci, nawa canjaras, nawa Baƙi. A matakan ƙasa wannan sanda tana auna yawan masu faɗawa tarko ne fiye da ingancin taku. Ɗauki buɗewar da Baƙi ke amsa d4 da e5. Fari ya ci, doki c6, doki f3, sarauniya e7, giwa f4, sarauniya b4 cek, giwa d2, sarauniya ta ci b2. Idan Fari ya sa giwa a c3, sai giwar Baƙi ta zo b4, sarauniya d2, a yi musaya a c3, sarauniyar Baƙi ta sauka c1, sarki ya mutu a taku na 8. Wannan yana kawo nasara a ƙasa har mutum ya ɗauka ya samo taska. Wanda ya san doki ake sawa a c3 maimakon giwa zai bar Baƙi da sarauniya tana neman hanyar gida. Don haka duk takun da sandarsa ta burge ka, ɗaga saitin da maki 400 ka sake dubawa. Idan mutanen can sun daina yin sa, akwai dalili. Rami na biyu ƙarancin wasanni ne. Takun da aka yi sau 12 kacal ba ya tabbatar da komai, ko da an ci 10 a ciki. Na uku, rumbun yana ƙarewa. Kusan taku na 12 zuwa 15 jadawalin ya kan zama fayau, alhali daga nan ne wasan gaske yake farawa.

Akwai kuma kuskuren buri. Mai maki 1100 ya tsallake kai tsaye zuwa rumbun gwanaye, ya haddace taku 15, abokin wasansa ya kauce a taku na 4, ya rasa gaba ya rasa baya. Matakin da ya kamata ka zauna a kansa shi ne wanda ya fi naka da 200 zuwa 400. Takun waɗannan mutane za ka iya gano dalilinsa da kanka idan ka yi minti 2 kana kallo. Na gwanaye a leƙa shi daga ƙarshe don a san inda hanyar ta nufa.

Inda rumbu ya tsaya nan Maia ta karɓa. Masu bincike daga Jami'ar Toronto, Jami'ar Cornell da sashen bincike na Microsoft suka fitar da ita a 2020. Maimakon a koya mata neman takun da ya fi, an ciyar da ita wasannin mutane na Lichess aka ce ta hasashi takun da mutum zai yi. Sun yi iri 9, daga 1100 zuwa 1900, kowace an horar da ita da wasanni miliyan 12 na 'yan matakin, an kuma cire wasannin harsashi. Ba ta lissafin gaba ko kaɗan, kallon allo take yi sau ɗaya ta zaɓi abin da ya fi kama da na ɗan wannan mataki. Tana dacewa da takun mutum fiye da rabin lokaci, abin da injunan da aka rage wa ƙarfi da gangan ba su kai ba. A Lichess guda uku ne ake iya ƙalubalanta kamar kowane ɗan wasa: maia1, maia5 da maia9, wato 1100, 1500 da 1900.

Bambancinta da matakan Stockfish 8 da ke maɓallin wasa da kwamfuta a bayyane yake tun wasan farko. Stockfish da aka raunana ya kan yi taku 5 na gwani, sannan haka kawai ya ajiye hasumiya a bakin soja, kuskuren da babu mahaluƙin da zai yi. Ba abin da za ka koya daga wannan. Kuskuren Maia kuwa yana da dalili irin na mutum: ta bi soja na banza ta bar layin baya a buɗe, ta rama ci ba tare da duba abin da ke tsakani ba, ta manta giwar da ke can nesa a kusurwa. Waɗannan su ne kurakuran da za ka tarar a gasa, kuma su ne naka.

Hanyar da ta fi amfani da ita ita ce a buga buɗewa ɗaya da dukan ukun a jere, da lokacin minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 kowane taku. Kafin kowane takunta a tsakiyar wasa, rubuta a takarda abin da kake zaton za ta yi. Idan kana cin hasashen maia1 amma maia9 tana ba ka mamaki, takun da suka ba ka mamakin su ne darasinka na makon. Koma kan kowanne ka tambayi kanka abin da ta gani.

Abu biyu za a sani kada a yi mata mummunar fahimta. Maia1 ta fi mai maki 1100 na gaske ƙarfi sosai, kuma makinta a Lichess yana nuna haka. Dalili shi ne kullum takun da mafi rinjaye za su yi take ɗauka, shi kuwa mutum ɗaya yana da ranar gajiya da ranar ganganci da babu su a ra'ayin taro. Sabon shiga da ta lallasa kada ya karaya. Na biyu, rashin lissafinta yana fitowa a ƙarshen wasa, inda ƙidayar taku ɗaya ke raba nasara da canjaras. A nan ba abar koyi ba ce.

Ga ƙarshen wasa Lichess yana da abin da ya fi ta. Da zarar 'ya'yan da ke allo sun koma 7 ko ƙasa, alamar littafin nan tana komawa jadawalin da aka riga aka warware kowane yanayi a cikinsa, babu zato. Gwada wannan a allon jera 'ya'ya: sarkin Fari e1, sojansa e2, sarkin Baƙi e8, Fari ke da taku. Ba wa sabon shiga, kusan kullum soja zai tura e4, domin a ganinsa soja ne zai zama sarauniya, to ya kama hanya. Wasan ya zama canjaras daga wannan taku, sarkin Baƙi zai zo e7, e6, ya tsaya a gaba. Mai matsakaicin ƙarfi ya ji an ce sarki ke shiga gaba, zai fito da shi, amma sau da yawa ya tura sojan da wuri ya lalata aikin. Wanda ya iya zai tafi d2, e3, e4 da sarki, sojan na zaune a gida. Idan sarkin Baƙi ya bi ta e7 da d6 ya tsaya e6 suna fuskantar juna, sai a lokacin ya tura soja e3. Wannan taku ba tafiya ba ce, miƙa wa Baƙi dole ne ya motsa. Ya koma d6 sarkin Fari ya shige f5, ya koma f6 ya shige d5. Mutum uku, 'ya'ya uku a allo, kuma kowa da abin da yake ɗauka shi ne batun.

Mai kwamfuta yana da ƙarin hanya. Fayilolin Maia kyauta ne kuma ƙanana, ana loda su cikin injin Leela Chess Zero a ƙayyade masa duba ɗaya tak, sai ya yi aiki babu intanet, a kowane yanayin allo da ka jera. Haɗa shi yana son wanda ya saba da irin wannan aiki, amma a makaranta ko kulob mutum ɗaya ya isa ya yi wa kowa.

Yanzu ga gibin da ya fi girma, wanda kuma shi ya hana mu ce Lichess ya wadatar. Rumbu da Maia duka taku suke nunawa. Dalilan da aka jero a sama, na doki a5 da na soja e3, babu ɗayansu da zai fito a fuskar waya. De Groot murya ya saurara, kuma murya ce babu a shafin. Binciken kwamfuta da ake nema bayan wasa zai sa wa takunka alamar tambaya ɗaya ko biyu, akwai ma maɓallin da ke mayar da kai kan kowane kuskure ka sake gwadawa, abu mai kyau. Amma ba zai gaya maka cewa ka yi minti 3 kana lissafin harinka ba ka tambayi ko sau ɗaya abin da abokin wasa yake nufi ba. Wannan sai an ji ka kana tunani.

Toshe gibin ba ya cin kuɗi, kuma duk garin da ake zaman dara a gindin bishiya an riga an saba da rabin aikin. Ana buƙatar mutum 3 masu ƙarfi daban-daban, tazarar maki 300 ko fiye tsakanin kowane biyu, allo na gaske idan akwai, da waya mai ɗaukar murya. Na huɗu, ko ɗaya daga cikinsu da ba zai shiga ba a wannan zagaye, ya zaɓo yanayi daga wasan gwanaye tsakanin taku na 12 da na 20. Ya zama yanayin da ke da taku 3 ko 4 masu ma'ana. Idan akwai dabara ɗaya mai kashe wasa nan take, zaman ya koma kacici-kacici, wanda ya gani ya gani, ba a koyi komai game da zaɓi ba. Kowa ya zauna shi kaɗai da allon minti 10, ba ya taɓa 'ya'ya, yana faɗin duk abin da ya zo masa har ya yanke taku. Sauran biyun su yi nisa inda ba za su ji ba.

Tsarin shiga yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato. Ƙarami a wasa shi zai fara. Idan aka bar su wuri ɗaya, yaro ba zai buɗe baki gaban wanda yake kira Malam ko Yaya ya faɗi abin da ya saɓa wa nasa ba, zai ce "haka ne, Malam" a wuce. Wani lokacin kuma ƙaramin a shekaru shi ne babba a allo, dattijon ya ji nauyin a ji shirmensa. Ɗaukar murya a keɓe yana maganin duka biyun. Mai riƙe da waya aikinsa ɗaya ne: idan shiru ya kai daƙiƙa 15 ya ce "Malam, me kake kallo yanzu?" Kada ya ce "ka duba dokin nan", kada ya yi gyaran murya, kada fuskarsa ta nuna komai. Kuma a hana mutum bayani bayan ya gama. Bayanin baya gyararre ne, kowa zai ba da labarin tunani mai tsari da bai yi ba.

Sannan a zauna tare a saurari ukun, da takarda. Abu huɗu ake ƙirgawa ga kowa: taku nawa ya ambata a matsayin zaɓi, a minti na nawa ya fara ambatar barazanar abokin wasa, ga kowane zaɓi amsar abokin wasa nawa ya duba, da kuma ko ya faɗi wa ya fi a yanayin kafin ya fara lissafi. Abin da ya kan fito kusan iri ɗaya ne. Na ƙasa yana kama taku ɗaya tun minti na farko ya ƙare sauran lokacin yana lallashin kansa, kuma amsar da yake ba abokin wasa a ransa ita ce wadda yake fata, ba wadda ta fi cutar da shi ba. Na tsakiya yana da zaɓi da yawa, yana tsalle tsakaninsu, ya koma kan na farko sau 3 ba tare da ya kammala ko ɗaya ba, daga ƙarshe ya yi wani taku na huɗu da bai bincika ba sam. Wannan cuta ce ta masu 1400 zuwa 1700, kuma jin ta a muryarka ya fi a gaya maka sau 10. Na sama ya kan fara da magana a kan yanayin, wane ɗa ne ba ya aiki, ina raunin yake, sannan ya lissafa layi 2 zuwa ƙarshensu. Sai an gama wannan duka za a buɗe takun da gwanin ya yi a wasan asali, Stockfish kuma shi ne na ƙarshen shiga. Idan aka kunna shi da wuri zance ya mutu, kowa ya koma kallon lamba.

Lichess yana da wurin adana wannan aiki. Sashen nazari yana ba ka damar buɗe fayil mai babi har 64, kowane babi yanayi ɗaya, ka rubuta tunanin kowane mutum da Hausa a ƙarƙashin takunsa, ka kuma gayyato wasu su gani ko su ƙara. Kulob a Kaura Namoda da wani a Argungu za su iya aiki a fayil ɗaya. Malaman makaranta kuma akwai sashen aji, inda malami ke buɗe wa ɗalibai asusu da kansa ba sai kowane yaro yana da imel ba, yana kuma ganin wasanninsu.

Ta fuskar data, buga wasa da duba rumbu ba sa cin abin a-zo-a-gani, taku kawai ake aikawa. Mai cin data shi ne kunna Stockfish a cikin waya karon farko, domin sai ya sauke fayil, kuma akwai ƙarami akwai babba a saitin inji. Zaɓi ƙaramin, ya fi ƙarfin duk wanda zai karanta wannan. Injin yana aiki da ƙarfin wayarka ne, saboda haka a zafin Maris da Afrilu ƙaramar waya za ta ɗau zafi, batir ya zube cikin ɗan lokaci. Gara ka nemi binciken da shafin ke yi a nasa ɓangaren bayan wasa, ka kashe na wayar. Inda sabis ke yankewa, kada ka buga wasan da babu ƙarin daƙiƙa, domin agogonka na tafiya ko kana kan layi ko ba ka nan, kuma idan ka daɗe abokin wasa na iya karɓar nasara. Mafita ga mazauna irin waɗannan wurare ita ce wasan wasiƙa, mai ba da kwana 1 zuwa 14 ga kowane taku. Ya ma fi dacewa da wannan salon koyo, tunda kana da lokacin rubuta zaɓinka kafin ka taka. A wasan wasiƙa an yarda ka duba rumbun buɗe wasa, inji kuwa haramun ne. A wasan kai tsaye da mutum duka biyun haramun ne, kuma shafin yana sa wa asusun da aka kama alama.

Wanda bai kai maki 1000 ba, rumbu da zaman murya su ɗan jira. Har yanzu 'ya'yansa a fili ake ɗauke su, maganinsa wasannin warware dabara ne na shafin, 10 zuwa 15 a rana a natse, da wasa da maia1. Daga 1000 zuwa kusan 1900 nan ne wannan haɗi ya fi biya: rumbu sau ɗaya bayan kowane wasa don ganin inda ka rabu da na sama da kai, Maia sau 2 ko 3 a mako da takardar hasashe, zaman murya sau ɗaya a mako da yanayi 2 kacal, domin mutum 3 a minti 10 kowanne da saurare da muhawara yana cinye sama da awa ɗaya a kan yanayi guda. Wanda ya haura 1900, maia9 ta zama tsararsa, sai ya koma rumbun 2200 da na gwanaye, a zaman murya kuma shi ne zai riƙa shiga na ƙarshe.